Batirin laftof: mai sauƙin ɗauka ko mai kai ni la'asar?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Daura, ina ajin ƙarshe a jami'a a nan Katsina, ina zaune wajen gwaggona a Ƙofar Ƙaura. Yayana ya saya mini laftof 'yar Beljiyam, Lenovo ThinkPad T480. Batirinta ya gaji, ko awa ɗaya ba ta yi sai ta mutu. Na je wajen mai sayarwa ya fito mini da iri uku, an rubuta 24Wh, 48Wh da 72Wh, ya ce in ɗauki babban. To babban yana da tudu a ƙasa, ni kuma da ma jakata ta yi mini nauyi, ga littattafai ga caja, kuma napep biyu nake hawa kafin in isa makaranta. Ina fita bakwai da rabi na safe, sai bayan la'asar nake dawowa, ga rubutun furojet a gabana. Wanne ya kamata in saya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya.

A yadda kika zayyana wuninki, na 72 ɗin ne naki, muddin na ainihi ne. Amma ba don mai shago ya faɗa ba, ba kuma don babba ya fi ƙarami a ko'ina ba. Akwai mutanen da nake hana su sayen babban, zan gaya miki ko su wane ne. Abin da nake so shi ne ki iya lissafin da kanki, domin wannan ba ita ce laftof ɗinki ta ƙarshe ba.

Ki ɗauki batir a matsayin randa. Lambar nan mai Wh a gefe ita ce yawan ruwan da randar take ci. Wat kuma shi ne girman moɗar da kwamfutar take ɗiba da ita a kowace awa. Ki raba ruwan randa da girman moɗa, sai ki samu awoyin da za ki yi. A gwajin da nake yi a teburina, irin wannan laftof ɗin tana shan wajen wat 8 idan rubutu ake yi ko karatun takardu, hasken fuskarta kuma yana tsaka-tsaki. Da an kunna Zoom ko YouTube, ko an buɗe shafuka goma sha a Chrome, sai ta haura wat 15 ko fiye.

Akwai abin da mai shagon wataƙila bai gaya miki ba. T480 batir biyu gare ta. Akwai ƙarami na ciki mai 24Wh wanda sai an kwance ƙasan kwamfutar ake ganinsa, sannan ga na baya wanda ake zarewa da hannu. Lenovo suna kiran tsarin Power Bridge, kuma amfaninsa shi ne za ki iya zare na baya ki sa wani ba tare da kin kashe kwamfutar ba, na cikin yana riƙe ta. A 2018 aka fito da T480, kuma ita ce ta ƙarshe a jerinta da ke da wannan tsari, domin T490 da ta biyo ta a 2019 batir ɗaya ne a rufe a ciki. Saboda haka na cikin taki ya kwana biyu. Mu ƙaddara 14Wh ya rage masa, abin da nake yawan gani ke nan a irinsu. Idan kika haɗa shi da sabon na 24, kina da 38Wh: ƙasa da awa biyar ta rubutu, ko awa biyu da rabi idan bidiyo ne. Idan na 72 kika sa, kina da 86Wh: sama da awa goma ta rubutu, ko kusan awa shida ta bidiyo.

Yanzu ki dubi wuninki. Ba awoyin da kike waje ne abin ƙirgawa ba, tazarar da ta fi tsawo tsakanin soket da soket ita ce ma'auni. Ke kin fi ni sanin yadda ake rububin soket a ɗakin karatu, da yadda za a iya ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Wani lokacin ma ki koma gida ki tarar babu wutar, ga babi na uku ana jira da safe. Ke nan tazararki ba daga safe zuwa la'asar take tsayawa ba, takan kai dare. Batirin awa biyar a ranar da aka saye shi, bayan shekara ɗaya na awa huɗu ne ko ƙasa, don kullum raguwa yake yi. Shi ya sa nake cewa mutum ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da lissafi ya ba shi.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ainihin damuwarki, kuma ban raina ta ba. Na ga ɗalibai da yawa suna zuwa shagona kafaɗa ɗaya a karkace. Batirin 72 ƙwayoyi shida ne a cikinsa, masu gyara suna ce musu sel, dogaye kamar batirin tocila, kowace tana da nauyin gram 45 ko sama da haka kaɗan. Su ne suke yin tudun da kika gani. Na 24 kuwa ƙwayoyi uku ne shimfiɗaɗɗu, shi ya sa yake lafewa daidai da jikin kwamfutar. Amma idan kika ɗora su a sikeli, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce rabin ledar fiya wata ba. To ki ɗauko cajarki da igiyarta duka biyu ki jinjina a hannu. Za ki ji ta kai wannan bambancin, ko ta fi. Wadda ta sayi ƙaramin batir dole kullum cajar nan ta bi ta makaranta. Wadda ta sayi babban za ta iya barin caja a gida. Jakar mai babban batir ce take zama marar nauyi a ƙarshe, kuma wannan shi ne abin da mutane suke mantawa idan suna jinjina batura biyu a gaban kanta. Jaka gaba ɗaya ake aunawa, ba batir shi kaɗai ba.

Na 48 ɗin fa? Ki ajiye shi kusa da na 72 ki gani: girmansu ɗaya, tudunsu ɗaya, dukansu ƙwayoyi shida ne, sai dai ƙwayoyin na 48 ba su kai ɗayan cin caji ba. Za ki ɗauki tudun da kike gudu, kuma ki rasa 24Wh, wato awa uku ta rubutu. Kuɗi kawai yake rage miki. Idan aljihu ne ya hana, babu laifi, amma kada a sayar miki da shi da sunan ya fi sauƙin ɗauka.

Tudun ma yana da ranarsa. Yana ɗaga bayan kwamfutar daga kan tebur, iska ta riƙa shiga ta ƙasa, hannu kuma ya fi jin daɗin rubutu. Illarsa ɗaya ce da na sani: siririyar rigar laftof mai zif ba ta cika rufuwa da shi ba. Ki tafi da jakarki ki gwada.

Waɗanda nake hana su babban su ne masu zaman ofis da ke da sola ko imbata, kwamfutarsu tana jone da wuta tun safe, sai dai su ɗauke ta zuwa ɗakin taro su dawo. Irin wannan mutum zai biya kuɗin randar da ba zai taɓa shan rabinta ba, batirin kuma ya tsufa a cike. Na 24 ya ishe shi. Haka mai yawan tafiya da ƙaramar jaka wanda ya san duk inda ya sauka akwai wuta.

Wata hanyar da ɗalibai suke tambayata ita ce fawa bank. T480 ta ramin USB-C take caji, don haka zai yiwu, amma sai fawa bank ɗin da aka rubuta masa PD mai fitar da wat 45 ko 65. Na waya na gama-gari ba zai ɗauke ta ba. Kuma a nan ne lamba take ruɗin mutane. Za ki ga an rubuta 20,000mAh a jikinsa, na laftof kuma wajen 6,600mAh, sai ki ɗauka ya ninka shi uku. Ba haka ba ne. Ana ninka mAh da bolt, a raba da dubu, sannan a samu Wh. Ƙwayoyin fawa bank bolt 3.7 ne, 20,000 ɗin nan 74Wh ke nan. Batirin laftof ɗin bolt 10.8 ne, ya kama kusan 72Wh. Kusan kunnen doki. Sannan wajen ɗaga wutar ta kai yadda kwamfuta take so, wani kaso yana tafiya a zafi, ga shi ya fi batirin nauyi, ga igiya tana lilo a kan cinya. Yana da amfani ga wanda batirinsa a rufe yake ba ya zaruwa. Ke da Allah ya ba ki mai zaruwa, ba ki buƙatarsa.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne wajen sayen, domin duk lissafin nan ya dogara ne a kan cewa abin da aka rubuta a jikin batirin gaskiya ne. Shekarun baya na taɓa sarar batura goma daga wani dila, kwali mai kyau, rubutu tsaf. Cikin wata biyu mutum huɗu suka dawo mini da nasu. Na fasa ɗaya a gaban yaran shagona. Ƙwayoyin da ke ciki kala biyu ne, wasu kore wasu shuɗi, a kan biyu daga ciki har da tabon tsohuwar walda, alamar daga matattun batura aka ciro su aka sake haɗawa. Na mayar wa mutanen nan kuɗinsu, kuma tun ranar ban ƙara sayar da batirin da ban gwada ba. Araha ba ta ado.

Ga yadda za ki gwada. Ki tafi da laftof ɗinki shagon, a sa batirin a gabanki. A wurin bincike na Windows ki rubuta cmd ki buɗe, baƙin allo zai fito, sai ki rubuta powercfg /batteryreport ki danna Enter. Zai nuna miki inda ya ajiye rahoton, ki buɗe shi. Layi biyu ne abin dubawa: Design Capacity, wato abin da batirin yake ci ranar da aka ƙera shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake ci yau. Lambobin da mWh suke zuwa, 72Wh zai fito wajen 72,000. A sabon batir ya kamata lambobin biyu su yi kusa da juna. Idan kika ga na biyun ya faɗo 55,000, ko dai tsoho ne aka goge, ko ya daɗe a ajiye. A nan ne kuma za ki ga ko batura biyu rahoton ya lissafa, domin akwai T480 da suke zuwa babu na cikin kwata-kwata.

Sai dai rahoton ma ana iya yi masa ƙarya, tunda ɗan guntun na'urar da ke cikin batirin ne yake faɗa wa kwamfuta lambar, masu jabu kuma sun iya rubuta abin da suka ga dama a ciki. Agogo ne ba a yi wa wayo. Ki nemi mai shago ya rubuta miki a rasit cewa kina da mako ɗaya na gwaji. Ki cika batirin fal, ki zare caja, ki yi aikinki na kullum kina duba lokaci. Idan na 72 bai ba ki awa shida ta rubutu ba, ki mayar masa da abinsa. Wanda ya ƙi yarda da wannan sharaɗi, ki yi masa sallama ki nemi wani shagon.

Idan kin samu na kirki, babban maƙiyinsa a garin nan zafi ne. A watan Afrilu zafin Katsina yana haura digiri 40, batirin lithium kuwa ya fi saurin tsufa idan zafi ya same shi a cike. Kada ki yi aiki da kwamfutar a kan katifa ko filo, suna toshe hanyar iska. Kada ki cusa ta a jaka tana kunne ki hau napep da tsakar rana, ki kashe ta tukuna. Bayan kowane hunturu ki kai a hure ƙurar da ta taru a fankarta. Za ki ji ana cewa kada caji ya wuce kashi 80, kuma manhajar Lenovo Vantage tana ba da damar tsayar da shi a nan. Shawara ce mai kyau ga wanda wuta ba ta yanke masa. Ke kam ranar makaranta ki cika shi ɗari bisa ɗari, don amfani kika saye shi. In kin koma Daura hutu, kwamfutar tana zaune a caji, sai ki kunna tsarin 80 ɗin. In kuma ajiye ta za ki yi na makonni, ki bar ta da rabin caji.

Ki kuma duba na cikin nan. Idan kika ga wurin shafa yatsa ya taso, ko ƙasan kwamfutar ya buɗe baki ta gefe, batirin cikin ne ya kumbura. Kada ki danna, kada ki bari a huda shi, yana iya kamawa da wuta. Ki kai wa mai gyara ya cire shi a ranar. Tsohon na bayan ma kada a jefa shi bola inda ake cinna wa shara wuta, ki bar shi a wajen masu gyara.

Idan kin buɗe rahoton, ki turo mini lambobin nan biyu na batirin ciki, zan gaya miki ko ya kai a canja shi ko zai raka ki har ki kare furojet.