Tambaya da Amsa: Holašovice, Ƙauyen da Annoba Ta Bar wa Mutum Biyu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga sunan wani ƙauye, Holašovice, a jerin wuraren tarihi na UNESCO. Mene ne a cikinsa har ya shiga sahun manyan birane? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, barka kadai. Ana furta sunan kamar "Holashobitse". Yana kudancin yankin Bohemiya a Jamhuriyar Cek, kimanin kilomita 16 yamma da birnin České Budějovice, kuma mazaunansa ba su kai 200 ba. Babu fada, babu ganuwa. Abin da ya sa UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓe shi a 1998 shi ne tsarinsa na tun zamanin dā, wanda bai rushe ba.

Fili ne dogo a tsakiya, mita 210 a tsawo, 70 a faɗi, da ƙaramin tafkin kifi, da maƙera, da ɗan ɗakin ibada na Kirista da aka gina a 1755. Gidajen manoma 23 suka kewaye filin, kowanne ya juyo masa da goshi. Gida ɗaya ba ɗaki ɗaya ba ne. Akwai babbar ƙofa mai baka wadda keken doki ke shiga, da 'yar ƙarama a gefe don masu tafiya a ƙasa. Ta ciki akwai mazaunin iyali, da rumbun hatsi, da turken dabbobi, sannan rumfar ciyawa daga baya. A gidaje da dama akwai wani sashe dabam da tsoho ke komawa idan ya miƙa wa ɗansa gona. Adon da ke goshin ginin kuwa, wanda ke ɗaukar ido a hoto, na baya-bayan nan ne, yawanci tsakanin 1840 da 1880. Magina na ƙauye ne suka kwaikwayi salon majami'u da gidajen masu mulki, suka yi shi iya fahimtarsu. A ganina nan daɗinsa yake.

Tarihin ya fi ginin ɗaci. A 1292 Sarki Václav na Biyu ya ba gidan ibada na Vyšší Brod ƙauyen, ya kuma zauna a hannunsu har 1848. Tsakanin 1520 da 1525 annoba ta share mutanen, biyu kawai suka tsira. Masu gidan ibadan suka kawo manoma daga Bavariya (yankin kudancin Jamus a yau) da Ostiriya, ƙauyen ya koma na masu jin Jamusanci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kori Jamusawa daga ƙasar, gidaje da yawa suka lalace, sai daga 1990 aka dage da gyara.

Tambaya: Malam, ina karatu a Prague. Yaya zan je, kuma me zan kiyaye? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, hau jirgin ƙasa zuwa České Budějovice, tafiyar kamar awa biyu, daga nan bas ta kai ka cikin kusan rabin awa. Inda mutane ke kuskure shi ne dawowa: bas ɗin ƙauye ba ta da yawa, Asabar da Lahadi ma ta fi ƙaranci, don haka duba lokacin ta ƙarshe tun kafin ka bar birni. Riƙe 'yan kuɗin koruna a aljihu, domin ƙasar ba ta amfani da yuro.

Yawancin gidajen akwai mutane a ciki, kada ka tura ƙofa don ka gan ta a buɗe. Awa biyu ta ishe ka zagaye. Idan kasuwa da sana'o'in hannu kake so, je lokacin bikin manoma na watan Yuli, amma ka san rumfuna da jama'a za su tare maka gidajen. Da'irar manyan duwatsun da ke gefen ƙauyen kuma kada ta ruɗe ka, a 2008 aka kafa ta.