Ina so in ƙaro karatun nas amma ba zan iya ajiye aiki ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni mataimakiyar nas ce, shekarata 6 kenan a asibiti, gyaran gado, auna zafin jiki da hawan jini duk ni ke yi amma allura da ba da magani sai cikakkiyar nas. Wallahi ina son ci gaba, to ga yara biyu, ga albashin nan da shi asirinmu ke rufuwa, in na tafi jami'a shekara 4 ko 5 wa zai riƙe gidan? Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki ajiye aikinki tukuna, shi aikin jinya hawa-hawa ne, ba dole sai an yi tsalle ɗaya ba. A ƙasashe da yawa difloma ta shekara 3 ce ke ba mutum damar zana jarrabawar lasisi ya zama nas mai rajista, a Amurka ma akwai kwas na wajen shekara 1 na ƙaramar nas, sai na shekara 2 da ke kai ki ga NCLEX, wato jarrabawar lasisin nas ta can, digirin kuma shekara 4 ne. Da zarar lasisi ya zo hannu sai ki nemi digiri na cike gibi wanda ake yi wa masu aiki, ya fi gajarta don ana lissafa karatun da kika riga kika yi, wasu darussan ma ta intanet ne amma fa firaktikal sai kin je gaban gadon mara lafiya da kanki.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shi ne zaɓen makaranta. Kafin ki biya ko sisi ki tabbatar hukumar da ke ba nas-nas lasisi ta amince da ita, kuma su rubuta miki a takarda waɗanne darussa za su karɓa daga karatunki na baya, don abin na min ciwo in ga mace ta ƙare shekaru da kuɗinta sannan a ce takardar ba ta isa shiga jarrabawa ba.

Ƙwarewa kamar ungozomanci, ɗakin tiyata, yara ko masu taɓin hankali, da mastas, duk suna zuwa daga baya, lokacin kin san inda zuciyarki ta fi karkata.

Yanzu dai ki samu shugabar nas-nas ta sashenku ku zauna kan jadawalin dutinki, ki roƙa a rage miki dutin dare lokacin jarrabawa, ki kuma tambaya ko asibitin na ba da hutun ƙaro karatu da albashi.