Zubar jini bayan sanya raga a jijiyar wuya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, an sa wa mahaifiyata ragar ƙarfe a jijiyar jini ta wuya, don buɗe inda jijiyar ta tsuke. Inda aka huda a matsematsi don zura ragar ya yi baƙi. Matsala ce?

Amsa: Kwanciyar jini ce ƙarƙashin fata, takan baje cikin makonni kaɗan. Amma in ƙullutu yana girma ko yana harbawa, ko jini ya ɓalle, ta kwanta rigingine, a danne wurin da ƙarfi minti 15 ba ɗagawa, a nufi asibiti. Ciwon kwiɓi da jiri da zufa kuwa alamar jini na zuba ta ciki ne, kada a jira gari ya waye.

Tambaya: Dasashina na jini in na yi asuwaki. In daina clopidogrel?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Clopidogrel magani ne mai hana jini daskarewa. In ka daina, jini na iya daskarewa a kan ragar, ɓarin jiki ya shanye. Koma ga buroshi mai laushi, ka sanar da likitanka.

Tambaya: Kwana 3 da sa wa Baba raga, sai ciwon kai mai tsanani ta gefen da aka yi aikin. 'Yan'uwa sun ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi masa ƙaho.

Amsa: Hajiya, don Allah kada wanzami ya taɓa shi. Baba yana shan aspirin da clopidogrel a tare, jininsa ba ya saurin daskarewa. Tsagar da za ta tsaya cikin minti 2 a jikin wani, a jikinsa sai ta yi ta tsiyaya. Ban san sau nawa za mu faɗi wannan ba!

Ciwon kan ne ma ya fi damuna. Ƙwaƙwalwarsa ta daɗe tana samun jini kaɗan ta jijiyar da ta tsuke, ƙananan jijiyoyinta suka saba zama a buɗe. Yanzu an buɗe hanya, jini ya kwararo da ƙarfi kamar an saki ruwan dam a ƙaramar kwata. In hawan jini ya haɗu da wannan, jijiya na iya fashewa a cikin kai. Babu ƙahon da ke kaiwa can.

Ku kai shi asibitin da aka yi aikin yau, a yi hoton kai, a auna hawan jini. Galibi ana son lambar sama ta tsaya ƙasa da 140. In ya fara amai, jijjiga, karkacewar baki, ko barcin da ba ya tasuwa, kada ku ɗura masa komai a baki, ko ruwan rubutu ne, zai iya shaƙewa. Ku ɗauke shi nan take, ku riƙo duk magungunansa.

Tambaya: Gwiwa na damuna, zan iya shan diclofenac?

Amsa: Kada ka sha, shi da ibuprofen suna jawo zubar jini a ciki. Paracetamol ya wadatar. In bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, sai asibiti a ranar.