Tambayoyinku da Amsoshinmu: Batirin Babur a Watannin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Toronto, ƙasar Kanada. Daga Nuwamba nake kulle babur ɗina a gareji sai Afrilu, saboda ƙanƙara. Bara da na zo tayarwa ko fitila bai kawo ba, dole na sayi sabon batir. An ce in sayi ƙaramar caja in bar ta a jone har hunturu ya fita. Ba za ta ƙone batirin ba? *Wani mai karatu, Toronto*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka yana da tushe, domin akwai cajar da za ta ƙone shi, akwai kuma wadda za ta riƙe maka shi lafiya lau har Afrilu. Amma bari mu fara da abin da ya kashe na bara.

Batirin babur na dalma da ruwan batir ɗaki shida ne a ciki, kowanne yana ba da kimanin 2.1V. Idan ya cika ya huta, mitar auna ƙarfin wuta za ta nuna 12.6V zuwa 12.8V. Ko ba a taɓa shi ba, yana zubar da caji da kansa a hankali. Ga kuma ɓarayin wuta da ba sa barci ko an cire makulli: agogo, ƙararrawar tsaro, na'urar bin sawu. A ce suna jan miliam 5 kacal. Miliam 5 sau awa 24 sau kwana 30, wato 3.6Ah ke nan a wata (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa). Batir irin YTX9-BS da ke cikin babura da yawa 8Ah ne gaba ɗayansa. Ka ga kafin ƙarshen Janairu ya zama fanko.

Daga nan ɓarnar take somawa. Batirin da ya sauka aka bar shi a haka, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan dalma. Idan an yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. Idan ya yi makonni sai ya ƙanƙare, ya toshe farantin, batirin ya daina riƙe wuta ko an kwana ana cajinsa. Sanyi kuma ya zo ya ƙarasa aikin: ruwan batirin da ya cika ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri, amma na wanda ya sauka ya koma kusan ruwa zalla, yana iya daskarewa tun kafin digiri 10 ƙasa da sifiri, abin da Toronto ke gani kowace shekara. Ƙanƙarar tana lanƙwasa faranti, wani lokaci ta tsaga robar. Batirin da ya daskare kada a kuskura a jona masa caja. A shigar da shi ɗaki ya narke, a duba ko ya tsage ko ya kumbura. In haka ne, ya gama aiki.

Yanzu ga maganar caja. Tsohon samfurin yana tura 'yar wuta ba tsayawa, bai san batir ya ƙoshi ba. A bar shi wata biyar, ruwan zai ƙafe, faranti su cinye. Irin wannan sai dai a jona ta wuni guda a cire, kamar sau ɗaya duk mako uku zuwa huɗu. Wadda kake bukata ita ce mai lura da batir: tana cika shi har wajen 14.4V, sannan ta sauko da kanta zuwa 13.2V ko 13.6V ta tsaya nan, ba ta ƙara masa sai ya nema. CTEK XS 0.8, NOCO Genius1, Battery Tender Junior da kayan OptiMate duk wannan aikin suke yi. Ka karanta jikin kwali ka tabbata an ce ana iya barin ta a jone na dogon lokaci.

Girman cajar ma yana da ƙa'ida: kashi ɗaya cikin goma na adadin Ah da aka rubuta a jikin batir. Mai 8Ah yana son 0.8A, mai 12Ah yana son wajen 1.2A. Cajar mota mai 6A ko 10A ta fi ƙarfinsa, zafi zai yi ya kumbura. Muna roƙonka kada ka ara ta maƙwabci don ta fi kusa.

Wajen jonawa, kashe makulli, ka goge kan batirin biyu da burushin waya har ƙarfen ya fito fes. Jan maƙali ya fara hawa kan mai alamar +, baƙin ya bi a kan mai alamar −, sannan a soka caja a bango. Wajen cirewa bango ake fara zarewa, don kada tartsatsi ya tashi kusa da batir, wanda ke fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji. Yawancin waɗannan cajoji suna zuwa da 'yar gajeriyar waya mai zobba biyu da fis a jikinta. Ɗaure ta a kan batirin sau ɗaya da noti, ka leƙo da bakinta gefen kujera, ka huta da kwance babur. Idan batirinka mai murafu ne da ake ƙara wa ruwa, ka duba shi kowane wata, ruwan ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. Tataccen ruwa marar gishiri (distilled water) kawai ake ƙarawa. Ruwan famfo yana da gishirin da ke lalata faranti, asid kuma ba a ƙara shi bayan zubin farko. Wanda aka rubuta AGM ko MF a jikinsa ba a buɗe shi.

In babu soket a garejin, ciro batirin ka kai shi wuri mai sanyi-sanyi, busasshe, mai iska, nesa da hita. A nan wayar − ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshen ɗaurawa, don kada sufana ta haɗa + da jikin babur.

Abu ɗaya da masu babur ke yi da kyakkyawar niyya amma yana cutarwa: tayar da inji minti biyar duk mako a bar shi a silo. Sitata tana cinye wutar da silo ba zai mayar ba, kuma injin bai yi zafin da zai kore raɓar da ta taru a salansa da baƙin mai ba. In ba fita za ka yi da shi ba, bar shi ya kwanta.

Tambaya: Na canza zuwa batirin litiyam saboda rashin nauyi. Cajar da nake da ita ta tsohon batir za ta yi? *Mai karatu daga Manchester, Ingila*

Amsa: Ɗan'uwa, sai in an rubuta LiFePO4 ko litiyam a jikinta. Cajojin batirin dalma da yawa suna da matakin farfaɗo da mataccen batir, inda suke harba wuta sama da 15V don fasa wancan gishirin. Litiyam ba shi da gishirin, wutar kuma tana iya lalata shi ko na'urar da ke tsaronsa. Na biyu, ba a cajin litiyam idan sanyi ya kai sifiri ko ƙasa. A shigo da shi ɗaki ya ɗumama tukuna.

Alherinsa shi ne ba ya zubar da caji da sauri. Ka cika shi, ka kwance wayar −, zai yi watanni. Lafiyayyensa yana nuna wajen 13.2V zuwa 13.3V a hutu, saboda haka 12.8V da ke nufin ƙoshi a batirin dalma, a litiyam alama ce ta ya yi ƙasa sosai. Amma in ka bar shi a jikin babur mai ƙararrawa, ya fi na dalma saurin ƙarewa, domin ainihin abin da yake ɗauka kaɗan ne.

Tambaya: Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma zan yi tafiyar wata huɗu in bar mashin ɗina a gida, ga wutar lantarki ba tabbas. Me zan yi? *Mai karatu daga Damagaram*

Amsa: Malam, naka ya fi gaggawa, domin zafi yana ninka saurin zubar caji, kuma ruwan batir ya fi ƙafewa. Kafin ka tafi, ka kai shi a cika shi a hankali da ƙaramar wuta, a daidaita ruwansa in mai murafu ne, ka kwance wayar −, ka shafa ɗan basilin a kawunan, ka ajiye shi a inuwa. Ka bar wa wani a gida sallahu ya kai shi caji sau ɗaya a wata. In babu wanda zai yi, ƙaramin faifan sola mai wat 5 yana ba da wajen 0.3A, ya isa, amma da sharaɗin a sa na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir. Ba tare da ita ba, ranar Damagaram za ta dafa ɗan batirin mashin.

Ranar da ka dawo, ka sa mita kafin ka taɓa sitata. Daga 12.5V zuwa sama, tayar ka tafi. Ƙasa da 12.2V, a yi caji tukuna. Bayan inji ya tashi ka ɗan murza totur, mitar ta nuna tsakanin 13.5V da 14.5V. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, ko ta haura 15V, matsalar tana wajen kwail ko rektifaya, sai a kai wa mai gyaran waya kafin a sayi sabon batir.