Amsa: Gundumar Gomma ta Oromo, ƙasarta da mutanenta

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk Oromo, wato babbar ƙabilar nan ta Habasha, makiyaya ne a busasshiyar ƙasa. A'a, Borana, reshen Oromo na kudancin Habasha, su ne suka fi kama da haka. Ka dubi Gomma, gunduma ce a yankin Jimma cikin jihar Oromiya, kudu maso yammacin ƙasar.

Ƙasa ce mai tuddai da kwaruruka, kore shar, mafi yawanta ta haura mita 1,300 sama da teku. Damina tana daɗewa a can, kogin Didessa kuma yana bi ta gefenta. Arzikinsu gahawa ne, da yarensu buna. A inuwar manyan itatuwa ake shuka ta, ba a fili ba. In 'ya'yan suka yi ja, sai gida ya fita tsinka da hannu, a shanya su a kan gadajen shanya har su bushe, sannan a kai Agaro, babban garin wajen, kimanin kilomita 45 daga Jimma. Suna noma masara da dawa da tef (wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi) don ci.

Ƙidayar 2007 ta samu mutum dubu 213 da 'yan kai, kuma waɗanda ke zaune a gari ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba. Fiye da kashi 80 Musulmi ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tarihinsu: Gomma masarauta ce mai cin gashin kanta, ɗaya daga cikin masarautun Oromo biyar na yankin kogin Gibe, kafin sojojin Menelik, wanda daga baya ya zama sarkin sarakunan Habasha, su ci ta a 1886.