Daga "Gitta" Zuwa "Gicciye"

Tambayoyin wannan karon duk kan kalma ɗaya suka taru, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Malam, shin "gicciye" Hausa ce ta asali, ko Kiristoci ne suka ƙirƙiro ta? Kuma da "c" ɗaya ake rubuta ta ko biyu?

Amsa: Hausa ce tsantsa, ɗan'uwa, ba aro ba. Dangin "gitta" ce. Ka san a Hausa "t" takan rikiɗe ta koma "c" idan "i" ko "e" ta biyo ta: sata da sace, fita da fice, mota da motoci. To haka "tt" ta gitta ta koma "cc". Za ka ga wasu sun rubuta "giciye", amma mai "c" biyu ta fi yawa a rubutun Kirista. Tun kafin a san ta a coci, ana cewa itace ya faɗi a gicciye a kan hanya, ko ungozoma ta shafa ciki ta ce ɗan yana gicciye, wato bai miƙe da kai ƙasa ba. Siffa kawai kalmar take nufi: abu ya ratsa wani abu. Da aka zo fassara Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkensa ya fito da Hausa a 1932, sai aka ɗora mata nauyin da ba ta da shi a da, ta zama sunan itacen da aka kashe Yesu a kai bisa imanin Kirista, ta kuma zama sunan aikin: "an gicciye shi".

Akwai wasu biyu da ke yawo tare da ita. "Kuros" aro ce daga Turanci, an fi jin ta a hira, musamman in ana nufin wanda ake ratayawa a wuya. "Salibi" kuwa daga Larabci, ita ce cikin "yaƙin Salibiyya". Masu tafsiri sukan ce "tsirewa". A ganina wannan ba ta kai gicciye dacewa ba, domin tsirewa sokewa ce a kafe bisa abu mai tsini, siffar sanda biyu da suka ratsa juna ba ta cikinta.

Tambaya: Malam, ni Musulma ce, ina so in fahimta ba don gardama ba. Yaya mutane za su ɗauki abin da aka kashe wanda suke ƙauna da shi, su mai da shi abin girmamawa?

Amsa: Tambayarki ta taɓa zuciyar maganar, 'yar'uwa. Da farko, kin san Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Kiristoci sun gaskata an gicciye shi a Golgota, bayan garin Urushalima, zamanin gwamna Bilatus, ya kuma tashi a rana ta uku. Nan hanya ta rabu, kuma abin da zan faɗa bayanin yadda su suke gani ne.

Mamakin da kike yi, mutanen farko ma sun yi shi. A wurin Romawa gicciyewa kisan wulaƙanci ne na bayi da 'yan tawaye, ba a cika yi wa ɗan ƙasar Roma shi ba. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayan an murƙushe tawayen bayi na Spartakus, an gicciye kusan mutum 6,000 a jere bakin babbar hanyar da ta nufi Roma, don mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. A Attaura kuma (Maimaitawar Shari'a 21:23) wanda aka rataye bisa itace la'ananne ne. Shi ya sa Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa (Kiristocin birnin Korinti), bai ɓoye ba: ya ce wannan wa'azi abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga sauran al'ummai. Har yau akwai wani zanen ba'a da aka tono a 1857 a wani bango a Roma: mutum mai kan jaki a bisa gicciye, wani ya ɗaga masa hannu, an karce a ƙasa cewa ga shi yana bauta wa allahnsa.

To Kiristoci ba su musanta kunyar ba, juya ta suka yi. Suka ce a nan ne marar laifi ya ɗauki hukuncin masu laifi, a nan aka sulhunta mutum da Allah, kuma tun da kabari bai riƙe shi ba, abin da aka shirya don ƙasƙanci ya koma shaidar nasara a kan zunubi da mutuwa. Kalmomin da za ki riƙa ji a bakinsu ke nan: fansa, hadaya, gafara, ceto. Duk da haka an daɗe ba a kafa alamar a fili ba, kifi da makiyayi aka fi zanawa. Wajen shekara ta 200 Tartuliyan, marubuci daga Arewacin Afirka, ya ce masu bi suna zana ta da yatsa a goshi in za su fita, in za su ci, in za su kwanta. Sai bayan Sarkin Roma Konstantin ya ci yaƙi a 312, aka ba addinin 'yanci a 313, sannan ta hau tuta da kuɗi da gine-gine.

Wani abin lura: gicciyen Katolika yakan zo da siffar Yesu a jiki, don tuna wahalarsa, sau da yawa da haruffan INRI a sama, farkon kalmomin Latin na "Yesu Banazare Sarkin Yahudawa". Yawancin Furotesta sun fi son wanda babu kowa a kai, wato ya tashi.

Tambaya: Malam, na ji wani yana cewa maƙwabcinsa mai fitina shi ne "gicciyensa". Karin magana ne? Wanne ne daidai da shi a Hausa?

Amsa: Ba karin magana ba ne, salon magana ne da ya samo tushe daga Linjila. A Markus 8:34 Yesu ya ce mai son binsa sai ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa, Luka 9:23 ya ƙara da cewa kowace rana. Masu sauraronsa sun san hoton da idonsu: wanda aka yanke wa hukunci shi ke saɓa gungumen a kafaɗa, ya ratsa gari ana kallonsa, har wurin da za a kashe shi. Saboda haka mai wannan maƙwabci ya rage wa maganar kaifi. Fitinar maƙwabci da ciwon baya abubuwa ne da suka faɗo wa mutum, nan "mai haƙuri yakan dafa dutse" ya wadatar. "Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa" ma bai dace ba, don shi sakamakon gangancin mutum yake nufi. Ɗaukar gicciye kuwa zaɓi ne, mutum ya ga tsadar abu ya shiga da idonsa biyu. Mafi kusa da na sani shi ne "kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa", sai dai shi akwai ɗan gatse a cikinsa, maganar Linjilar kuwa kira ce.

Tambaya: Jan kuros ɗin ƙungiyar Red Cross fa, na addini ne?

Amsa: Ƙungiyar ta ce a'a. An kafa ta a Jeniba a 1863, alamar kuma tutar Suwizalan ce aka juya launukanta, ja a kan fari. Amma ba kowa ya gan ta haka ba: a lokacin wani yaƙi a 1876 Daular Usmaniyya ta sa jan jinjirin wata a madadinta, kuma shi ne ƙasashen Musulmi da dama suke amfani da shi har yau.