Da mi aka yi mayelin ɗin jijiya?

Ƙanena, ka ce da mi aka yi mayelin, rufin nan na jijiyar da ke kai saƙo a jiki. Ba mai ne aka shafa ba, nan ake kuskure, fatar ƙwayar halitta ce ta naɗe jijiyar zagaye-zagaye kamar rawani, in an cire ruwan da ke ciki, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 kitse ne, kolestarol da danginsa, sauran furotin ne mai manne naɗin. A ƙwaƙwalwa da laka ƙwayoyin halitta da ake kira oligodendurosayit ke yinsa, a hannu da ƙafa kuwa ƙwayoyin Shuwan. Akwai ɗan giɓi tsakanin naɗi da naɗi, saƙo na tsalle daga giɓi zuwa giɓi, shi ya sa yake gudu.

In ƙafarka ce ke mutuwa, kar ka tsaya shan bitamin B12 na kemis, je asibitin tarayya na FMC Gusau likita ya duba ka.